Albasar Malam Illa da bokitin ruwa

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da Talatar da na ruɓar da albasa mota guda da bokitin ruwa ba.

Ina sabon shiga ateliyen Kawu Isufu, wato shagon aikinsa a unguwar Zongo, inda ake sassaƙa ƙarfe a injin tur mai juya ƙarfe, na zo da diplom ɗina daga lise teknik, sakandaren koyon sana'a (da girman kai wanda ya fi diplom ɗin nauyi). Sai ga Malam Illa, wani direba daga Nijar. Sandar tayar kamiyonsa, babbar motar kaya, ta cinye, ga albasa shaƙe a baya, ga zafin Afrilu.

"Isufu, ka taimake ni don Allah," in ji shi. "In kayan ga sun lalace, mai mota korata zai yi."

Ƙarfen sandar mai tauri ne, wuƙar injin ta yau da kullum ba ta cin sa. Sai karbur, wani ɗan haƙori baƙi-baƙi kamar ƙwayar gyaɗa da ake liƙawa a bakin wuƙar. Guda ɗaya tak ya rage mana. Nan na buɗe baki na yi wa jama'a lacca: garin ƙarfen tungstan da kabon ne aka gauraya da ƙarfen kobalt, aka matse aka gasa, in ban da lu'ulu'u ba kasafai ake samun abin da ya fi shi tauri ba. Har da ɗaga yatsa. Malam Illa ya ce, "Masha Allahu, musye," wato yallaɓai da Faransanci.

Kawu ya liƙa haƙorin da wuta da tagulla, ya tusa shi cikin toka.

"Ka bar shi ya huce da kansa. Za mu yi azahar."

Ni kuwa na ga tsoho na ɓata lokaci. Na zaro wuƙar da zafinta na tsoma a bokiti, yadda muke wa gizago. Na ji wani ɗan "ƙas" (na ce wa raina kunnena ne). Ashe karbur duk taurinsa ba ya jure sanyin farat ɗaya, tsagewa yake kamar tangaran.

Da suka dawo na miƙa wa Kawu wuƙar kamar ba abin da ya faru. Kawu ya tada inji, wuƙa ta taɓa ƙarfe, haƙori ya tarwatse. Ya shafa ƙotar, ya ji danshi, ya dubi bokitin, ya dube ni. Da ma a ce marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu kafin a samo wani. A rana ta uku albasa ta fara zubar da baƙin ruwa, wari har can unguwar Dapoya. Malam Illa da kansa ya riƙa jidar buhunan zuwa juji, ina taya shi kaina a sunkuye. Bai zage ni ba. "Musye, kama can," kawai yake cewa, kuma kowane "musye" sai na ji kamar in nutse. An kore shi, daga baya na ji.

Kawu ya maƙala guntun karbur ɗin a jikin firam ɗin diplom ɗina, yana nan har yau. Tun daga ranar, in tsoho ya ce a bar abu ya huce, ko shayi ne zama nake in jira.