Ranar da Na Goya Kabewa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaura zani a bainar jama'a ba, ni ƙato da gemuna, ga digiri har biyu. Har yau idan na ga kabewa a miya sai loma ta tsaya mini a wuya.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a sashen tsara sufuri a nan Jalingo ba, kaina sai rawa yake. Aka ce in tsara yadda sababbin motocin bas za su riƙa ɗaukar mutane daga unguwar Sarkin Dawaki zuwa kasuwa. Na yi sati biyu ina tsayawa bakin titi ina ƙirga fasinjoji, daga bakwai da rabi zuwa tara, lokacin da ma'aikata irina ke tafiya ofis. (Ashe kafin in farka ma mata sun riga sun kai kaya kasuwa.) Na rubuta cewa a hana keke mai ƙafa uku bin wannan titin, kowa ya hau bas, wurin tsayawa biyu kacal. Ni a ganina na gama wa garin nan gata.

Ranar gwaji aka kawo bas ɗaya bakin kasuwa. Ga Daraktan sashenmu, ga 'yan kasuwa sun yi dafifi. Na riƙe abin magana ina ta zuba Turanci, sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Mama Rifkatu ce, shugabar mata masu sayar da busasshen kifin garin Lau.

"Ɗana, idan kun kori keke, ni yaya zan yi?" ta ce. "Ina ɗauko kifi, in sauke jikana a makaranta, in tsaya asibiti in karɓa wa maigida magani, sannan kasuwa. Motanka yana tsayawa duk wuraren nan? Kuma wannan matakala, wa zai hau da kaya?"

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma ina! Na yi 'yar dariya na ce, "Haba Mama, taku ɗaya ne fa, ko yaro zai hau."

"To, hau mu gani. Amma ka hau kamar ni."

Na juya wajen Darakta ina neman ceto. Bawan Allah sai ya gyara hula ya ce, "Gaskiyarta, Injiniya. Gwada mana."

Kafin in ce uffan mata sun kewaye ni. Wata ta ɗaura mini zani a kan wando, ta tamke shi tamau. Wata ta ɗauko kabewa daga tirenta ta ɗora mini a baya, aka sa majanyi aka ɗaure, wai jariri ke nan. Aka aza mini daron kifi a ka. (Ban san kifi busasshe yana da nauyi haka ba, na rantse.)

Na je ƙofar bas. Matakalar nan da na ce taku ɗaya ce, ashe ta kai mini gwiwa. Na ɗaga ƙafa, zani ya ce bai san zancen ba. Na sa hannu na tattare shi har cinya, sai mata suka ɗauki ihu: "A'a, Oga! Mu ba ma ɗagawa haka a gaban maza!" Na sake shi. Zufa ta wanke mini fuska. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa in yi tsalle.

Daro ya daki saman ƙofa, kifi ya watse har ƙarƙashin mota. Majanyi ya kwance. Kabewa ta faɗi tim a kan kwalta, ta dare gida biyu.

Kasuwa ta kwashe da dariya, har direba ya kifa kai a kan sitiyari. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Mama Rifkatu ta tsaya tana kallon kabewar nan a ƙasa, sannan ta ce a hankali, "Ɗana, wannan fa da a bayan 'yata yake, da jaririnta ne."

Kunyar zanin ba komai ba ce a kan wadda na ji a lokacin, don na tuna cewa saura sa hannun Darakta kawai a kori keke. Ita ce ta zo ta kwance mini zanin da hannunta. Ta ce, "Ba mugunta ka yi ba. Tambaya ce ba ka yi ba."

Ba a kori keke ba. Na yi sati guda ina bin ta tun da asuba, ina riƙe mata daro, sannan na sake tsarin: matakala ƙasa-ƙasa, wurin ajiye kaya, tsayawa a makaranta da asibiti. Labarin kuwa tun ranar ya riga ni isa gida, don ashe an ɗauki bidiyo, matata ta kalla a waya, har sau huɗu in ji ta.

A ofis har yanzu Maman Kabewa ake ce mini, masinja ma idan ya manta haka yake kirana. Ni dai yanzu ko layi ɗaya zan ja a taswira, sai na je kasuwa na tambayi masu daro da goyo tukuna. Na gwada duka biyun, tambaya ta fi ɗaura zani sauƙi.