Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta San Layi Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da dabara ta ƙare masa, mai shagon bugun takardu na ƙarƙashin bene, wanda mutanen layi ke kira Ɗan Gwaggo, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa kawo masa aiki cewa Gwaggo ta rasu. Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo ita ce tsohuwar kwamfutar nan ta bakin taga, mai farin jikin da ya rine ya koma ruwan ƙasa, mai ƙaton allo kamar akwatin talabijin. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana da shekara goma sha tara a duniya, goma sha shida daga ciki a wannan shago. A bakin aiki ta rasu, a shafi na ashirin da uku.

Tun kafin a yi nisa, kada wanda ya zo ya ce masa a sayi sabuwa. Akwai sabuwa. Tana nan a teburin tsakiya tana ta ƙyalli, ba ta tsinana komai ba. Bayani na tafe.

Marigayiya ba ta da sauri, amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. In an danna ta da safe sai ta yi “gurrr, ƙit, ƙit, ƙit,” ta yi shiru har a share shago a goge tebura, sannan ta ce “tin!” Daga nan har a tashi ba ta ƙorafi. Ta sha ƙura, ta sha ɗaukewar wuta, ta sha mari a kwiɓi daga hannun mai ita, ba ta riƙe shi a zuciya ba.

Babban abin da ya bambanta ta da sa'o'inta shi ne ta iya rubutun waƙa. Ba kalmomi ake nufi ba. Rubutun nan na masana kiɗa ake nufi, mai layi biyar a jere, da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya kamar 'ya'yan kwaɗi suna hawa suna sauka. Wani ɗalibin kiɗa ne ya zuba mata manhajar da ke wannan aiki tun tana da ƙuruciya. Ɗalibin ya gama karatu ya tafi, lambar wayarsa ta mutu, kamfanin da ya yi manhajar ma an ce ya rufe. A duk layin nan, har da na bayan tasha, Gwaggo kaɗai ta rage mai wannan ilimi.

Wannan ne ya sa Dakta, malamar kiɗa ta jami'a, ta kawo aikinta nan shekara biyu da suka wuce. Maƙala ce a kan waƙoƙin reno, za ta aika wa wata mujallar masana kiɗa da za ta fitar da bugu na musamman a kan irin waɗannan waƙoƙi, sau ɗaya tak. A cikin maƙalar akwai misalan waƙa arba'in da ɗaya. Goma sha biyu daga ciki daga bakin mahaifiyar Ɗan Gwaggo Dakta ta ɗauke su, tsohuwar tana zaune a wannan benci na ƙofa tana jiran ɗanta ya tashi, shekara guda kafin Allah ya karɓi abarsa. Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba, sunanta zai fito a littafi sau goma sha biyu. Don haka ya karɓi aikin, don haka kuma ya jure.

Juriya kuwa an yi ta. Ɗan Gwaggo karatunsa bai wuce aji huɗu ba, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Ƙanwarsa ce mai bugu. Shi nasa ido da rula. Mutanen mujallar nan bai taɓa ganinsu ba, amma ya san halinsu sarai. Gefen takarda santimita biyu da rabi, ba biyu da kwata ba. Tsakanin layi da layi a bar filin da wani layin zai kwanta. Taƙaitaccen bayani kalma ɗari da hamsin. Da aka aika da ɗari da hamsin da shida, suka dawo da shi. Kowane misalin waƙa a ware shi daban da lambarsa. Kalmomin waƙa a yanka su gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta zauna cif a ƙarƙashin ɗan kwaɗonta, in ta goce da faɗin tsinke an ɓata. Rubutun hannu ba sa so, hoton rubutun hannu ma ba sa so. Har suka ce a cire sunan marubuciya daga ko'ina don kada masu dubawa su san ta. Ranar ya tsaya a kan ƙanwarsa, ta bi shafi-shafi tana nuna masa da yatsa cewa sunan Dakta kaɗai aka cire, na tsohuwa yana nan. Da an taɓa shi, da aikin ya koma gidan mai shi a ranar.

Sau huɗu mujalla ta dawo da maƙalar, sau huɗu Gwaggo ta gyara ba ta yi tsaki ba. A karo na biyar suka ce sun karɓa, saura 'yan gyare-gyare a misali bakwai, a dawo musu da komai kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Litinin. Ana cikin gyaran na uku daga bakwai ɗin ajali ya zo.

Ciwon ya daɗe, gaskiya. Tun bara ta fara mantuwa, kullum ta farka sai ta ɗauka shekarar da aka haife ta ake ciki, sai an tuna mata kwanan wata. Daga baya fankarta ta kama tari, “kar-kar-kar,” in an ɗan buge ta ya lafa. Mai gyara na bakin titi ya faɗa cewa a yi hattara. Ɗan Gwaggo ya ce masa ya je ya yi hattara da tasa. Wannan magana yanzu ita ke hana shi cin abinci. Ranar Laraba ta yi “tiii, tiii, tiii” sau uku, allon ya yi baƙi, wani wari kamar na ƙonannen roba ya cika shago. Mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya rufe, ya mayar da sukudirebansa aljihu. Bai ce ai na faɗa maka ba. Gara ma da ya ce.

Kada a ɗauka mai shago sakarai ne. Ya kwafi aikin a wuri uku: ɗaya a aljihunsa, ɗaya a jakar ƙanwarsa, ɗaya a wajen Dakta. Duk suna nan lafiya. Amma da aka buɗe a sabuwar kwamfuta, kalmomi sun fito, layi biyar sun fito, 'ya'yan kwaɗi kuwa kowanne ya zama ɗan akwati mai kusurwa huɗu, babu komai a ciki. Gaɓoɓin waƙar suka zame suka taru a gefe guda kamar fasinjojin motar da ta sha kwana. An kai shago tara. An kai ofishin Dakta. Ko'ina akwatuna. Mai gyara ya cire ma'ajiyar Gwaggo ya dasa a wani jikin, manhajar ta buɗe ido ta ga ba gidansu ba ne, ta nemi wata lamba da babu mai ita sai ɗalibin da ya ɓace. Dakta ta ce sake rubuta misali arba'in da ɗaya a sabuwar manhaja aikin mako uku ne ga wanda ya iya, nan kuwa babu wanda ya iya. Ta rubuta wa mujalla tana roƙon ƙarin lokaci. Amsa ta zo cikin ladabi, layi biyu, tazararsu daidai.

Marigayiya ta bar firinta guda, wadda ba ta jin maganar kowa sai tata, yanzu tana zaune da jar fitila a goshi. Ta bar allon bugu da haruffansa shida suka goge, da linzamin kwamfuta mai ƙwallo a ciki. Ta bar ƙanwar mai shago, wadda har yau in ta shigo teburin taga take fara nufa. Ta bar Dakta, mace mai furfura da digiri uku, wadda jiya ta zauna a benci ta cire tabarau ta riƙe a hannu kusan awa guda. Ta bar marayu arba'in da ɗaya a cikin akwatuna.

Ta kuma bar mai ita da wani abu da bai taɓa faɗa ba, yanzu zai faɗa tunda babu sauran amfanin ɓoyewa. Gwaggo tana rera abin da ta rubuta. Kullum kafin ƙanwarsa ta iso, yakan buɗe misali na goma sha bakwai, ya danna koren maɓalli, ita kuma ta yi “tin-tirin, tin-tin, tirin” da 'yar shaƙaƙƙiyar muryarta. Da wannan waƙar aka goya shi. Jiya ya gwada da bakinsa, ya kai rabi ya tsaya. Ashe shekara biyu ita ke ƙarasa masa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa tana nan a kan teburinta, an lulluɓe ta da tawul, har zuwa Litinin. Mai gyara ya ce in aka samu sa'arta, iri ɗaya, shekara ɗaya, wataƙila manhajar ta ruɗe ta ɗauka gida ne. Wataƙila ya ce, bai rantse ba. Duk mai irinta a ƙarƙashin gado ko a sito, ko ta mutu, ya kawo kafin ƙarfe goma sha biyu. In sha biyu ta buga, kada a kawo. A zo hannu rabbana kawai.

Sha biyu da kwata za a sa ta a kwalinta na asali, a ɗora a saman kabad. A jikin kwalin ƙanwarsa za ta rubuta sunan tsohuwa, mahaifiyarsu, yadda mujalla ta ce a rubuta: suna, waƙafi, shekara a cikin baka, aya. Shi zai auna gefen da rula, biyu da rabi.

Bayan nan Dakta za ta tsaya a ƙofar shago da littafinta na rubutun hannu, ta rera na goma sha bakwai daga farko har ƙarshe. Ana roƙon mai walda da mai injin niƙa su kashe na minti uku. Mai shago zai tsaya a ciki, ya juya baya. Kada kowa ya leƙo.