Magogin Goron Surukina

Na rantse ba a taɓa ƙera magogin goro irin nawa ba a duk ƙasar Ɗanbatta. Kwana uku ina huda murfin gwangwani da ƙusa, har mariƙin katako na yi masa.

Surukina Baba Ilu ya shekara goma ba haƙori ko ɗaya, goro ma sai an goga masa. Ni kuwa injin ban-ruwansa nake so ya ara min, tumatirina ya fara yaushi. Matata ta ce, "Tsaya ka ji, ai Baba..." Na ce, "Ke, harkar manya ce."

Na same shi a zaure da dattawa. Na durƙusa, na ajiye goro, na ɗora magogi a kai, na ce, "Baba, wahala ta ƙare."

Ya zaɓi goron da ya fi girma, ya kai baki. Ƙwas! Sai na ga haƙora reras, sama da ƙasa, farare tas kamar ango. Ashe ina can gona 'ya'yansa sun kai shi Kano an dasa masa, irin waɗanda ba a cirewa.

Ya ce, "Riƙe abinka, yaro. Jiya ƙashin kaza na tauna."

Liman sai da rawaninsa ya warware don dariya.

Inji dai ya ba ni, tumatir ya tashi, kuma duk garin nan ba mai suruki mai murmushin nawa. Amma har yau in na sayi tsire, sai mai nama ya ce, "Injiniya, a yanka ko za ka goga?"