Ƙafar da Ganga ta Warkar

Ba zan taɓa mantawa da kakar gyaɗar bara ba, ko da zan yi shekarun itacen kuka.

A gidanmu a Gude, Baffa yana da doka. In an gama cira, kafin a ɗinke buhunan da mota za ta kai Kano, duk wanda ciwo ya hana shi zuwa gona ana auna masa ƙwarya guda. Mai lafiyar da ya zauna kuwa, ko ɓawo ba zai gani ba. Goggo, yayar Baffa, ita ke duba wa ya cancanta.

Ni kuma na ƙyalla ido a kan wani ɗankwali a kasuwar Gwarzo, ga shi ni da rana ba ma ga maciji. Sai na naɗe ƙafa da tsumma, na kwanta a tsakar gida ina nishi (nishin da ya sa akuyarmu ta daina tuƙa, ta zuba mini ido).

Goggo ta kai hannu za ta latsa ƙafar, na ƙwalla ihu tun hannunta bai sauka ba.

"Sannu, 'yar nan. Wannan ciwo sai an kira masani," in ji ta.

Ashe masanin nata makaɗin gayya ne! Da la'asar ma'aikata suka dawo, ya tsaya a ƙofar gida ya saki kiɗan da ya saba yi mini a dandali: "Ina gwanar Gude? Wai 'yan matan Masanawa sun ce ta tsufa!"

Masanawa, ƙauyen nan na kusa da mu? Ni? Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar fili ina juyi, ƙura na tashi, tsumman na bina kamar jela.

Ganga ta tsaya. Baffa ya gyara murya: "Alhamdu lillahi, mai jinya ta miƙe. Gobe da sassafe, gona."

Ƙwarya ta wuce ni. Amma Goggo, Allah ya saka mata da alheri, ta roƙar mini kala: duk gyaɗar da ta maƙale a ƙasa bayan cira, in na tono, tawa ce. Na tono har farcena ya ƙare, na tara abin da ya fi ƙwaryar. Ɗankwalin ma shi ne a kaina yanzu.

Na dai yi hankali. Duk mai shirin ciwon ƙafa na ƙarya a gidanmu, to ta fara da toshe kunne.