Baron Cindo na Ranar Alhamis

A Rafin Dinya akwai wani mutum, Cindo, yana zaune da yayarsa Asabe da awakinta biyu. Shi ke sharar sakandaren garin. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Malama Zinaru, mai koyar da kwamfuta, za ta fita ta ce masa kada ya taɓa komai a ɗakin kwamfuta. Hadari ya taso, taga a buɗe. Cindo ya rungume hannu yana kallo har kwamfuta uku suka sha ruwa suka ƙoshi. Saura bakwai, su ma da ƙyar suke tashi. Ga sufeton makarantu zai zo ranar Alhamis, ya kuma ce in masu aiki ba su kai goma ba zai rufe ɗakin, 'yan aji shida su shiga jarrabawa ba su iya komai ba. Malama har da hawaye, kuma wallahi ta ba ni tausayi.

Wata rana ta zo da filashi ɗauke da wata manhaja mara nauyi, ta kyauta, mai tayar da tsohuwar kwamfuta. Ta nuna wa Cindo yadda ake sawa, ta ce duk inda ya ga koren maɓalli ya danna. Ya gama da bakwai ɗin tsaf, sannan ya wuce ofis ya samu koren maɓallin injin kwafi, ya yi ta danna shi har takardu suka ƙare.

Wata rana ya tambaye ta ko manhajar ta waye.

"Ta kowa ce, Cindo. Duk mai tsohuwar kwamfuta a sa masa. Amma wadda ka sa wa, ka kawo mini in duba."

Gogan naka ya bi gari gida-gida. Ya zaƙulo tsohuwar kwamfutar mai kemis, ta tsohon akawu, har da wadda Hajiya Kulu ke ɗora tulu a kanta, duk ya sa musu manhajar. Alhamis da hantsi, sufeto ya ɗauko kwaɗo ke nan zai kulle ɗakin, sai ga Cindo da baro shaƙe da kwamfutoci, masu su na biye suna faɗa. Aka jona guda shida, duk suka tashi.

Hajiya Kulu ta daɗe tana kallon tata. Ta ce, "A bar ta a nan, jikata ma a ajin nan take." Sauran suka ji kunya, su ma suka bar nasu.

Sufeto ya ƙirga goma sha uku, ya mayar da kwaɗonsa aljihu. Cindo kuwa yana tsaye riƙe da baro, ya ce, "Malama, har yanzu ba ki duba ba."