Man Giyar da Na Zaɓa da Hanci

Ba zan taɓa mantawa da abin da hancina ya yi mini ba, kuma har yau ban yafe masa ba. Da furfurata na shiga ajin manya, na haɗa benci da sa'o'in 'ya'yana har na iya karatu. Ranar da karatun zai yi mini rana kuwa, sai na ajiye shi gefe na bi hanci kamar akuya.

Mijina, Malam Idi, direban tifa ne. Da ya rasu, abin da ya bar mana wata tsohuwar mota ce mai giyar hannu, wadda ta girmi duk 'ya'yanmu. A cikinta ya koya mini tuƙi, yana faɗa ina ramawa. Kullum cewa yake ita za ta kai autarmu Zulai ɗakin miji. Ƙaninsa Sabo ya so a sayar wa 'yan gwangwan, na ce sai dai ya haɗa da ni.

Da biki ya matso, giya ta fara kuka, na tafi kasuwar kayan mota ta Gudu neman mai. Na karanta galan-galan ɗin tsaf: wannan mai ruwa-ruwa na tsofaffin ƙananan motoci ne, wancan mai kauri na manyan motoci. Tsautsayi ya sa na buɗe mai kaurin. Wari ya buge ni kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, sai ga Malam a idona, da rigar aikinsa, yana cewa a kai masa ruwan wanka. Warin da na shekara ina yi masa mita a kai, ina korarsa daga bakin gado.

"Mama, lafiya? Wace mota ce?" in ji mai shago.

"Ina ruwanka? Ba ni wannan."

(Da hawaye na faɗa, shi ya sa ya miƙo mini kawai.) A raina na ce ai wanda Malam yake wari shi yake zuba wa motar. Ko kaɗan ban tuna warin tifa yake kwaso mini ba. Da kaina na shiga ƙarƙashinta na ɗura.

Ranar kai amarya an wuni ana ruwa, gari ya yi sanyi. Ina ɗaukar makulli goggon yara ta riƙe baki.

"Uwar amarya a sitiyari? Ina kunya ta tafi?"

"Yau ni direba ce," na ce, "wanda bai so ba ya taka da ƙafa."

Tun daga gida giyar take cijewa, ina lallaɓa ta. A hawan Ushafa na taka kuloci zan koma ta biyu, ta ce gurrr, ta ƙi shiga. Na danna da hannu biyu. Mota ta mutu, ta fara ja da baya, goggo na salati, motocin baya na oda. Dangin ango suka fito da shaddojinsu suna tare mana tayoyi da duwatsu. Wata na cewa, "Ashe surukar tamu ce direban!"

Sabo ya buɗe but ɗin bayan motata neman igiya, ya ci karo da galan.

"Matar Yaya, man tifa kika ba ta?"

Ya buɗe murfin, dariya ta taso masa, sai ta ɗauke. Shi ma ya gane warin. Ya mayar da murfin a hankali, ya juya baya.

Aka mayar da Zulai motar Sabo. Kafin ta fita ta kamo hannuna ta ƙarƙashin mayafi.

"Umma, ai ta kawo ni rabin hanya."

Rabi. Malam bai yi alkawarin rabi ba.

Abin da na koya shi ne, kewa ba ta san giyabos ba. In za ka je kasuwa ka bar ta a gida. Washegari da sassafe na ajiye ragowar mai kaurin da na ɗauko daga motar a ƙarƙashin gadona, na ɗaure hanci da bakin mayafi, na koma Gudu. Na karanta da ƙarfi, mai shago na ji, na ɗauki mai ruwa-ruwan. Daga nan na nufi hawan Ushafa inda motar ta kwana, da kular wainar amarya a ɗaya hannun.