Akwatin Elijah Ya Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, tare da miƙa lamari ga Mai Duka, Elijah Bulus Kazah na Ƙofar Durbi, mai kaɗa gitar bes a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinsa, ɗan akwatin ƙarfen nan da makaɗa ke kira Di-Ai. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki, da jinyar da babu wanda ya san yana yin ta.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, wato kusan kowa, bai fi tafin hannu biyu girma ba. Baƙi ne, fentinsa ya goge a kusurwoyi, mazauninsa ƙasa, dab da ƙafar Elijah ta dama. Gitar bes muryarta ƙasa-ƙasa ce, in ba a taimake ta ba ko wanda ke rungume da ita da ƙyar yake jin ta. To, marigayin ne ke karɓar muryar nan, ya ƙara mata ƙarfi, ya gyara mata zama, sannan ya raba ta biyu. Ɗaya ya miƙa wa ƙaramar sipikar da ke gaban Elijah, don ya ji abin da hannunsa ke yi. Ɗayar kuma ya tura ta doguwar waya zuwa mikisa, na'urar haɗa sautuka da ke can bayan coci, daga can ta fito ta manyan sipiku ta isa ga jama'a.

An shaidi marigayin da son zaman lafiya. Kafin zuwansa, da an jona bes a mikisa sai wani gunji ya tashi, zuuuuu, kamar zuma ta shiga rufi, Fasto ya dakata da addu'a ya juyo da harara, kuma hararar kullum a kan Elijah take sauka. Marigayin yana da ɗan makunni a gefe. Da an taɓa shi sai ya ce ƙyas, gunjin ya ɗauke. Iyakar maganar da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan a shekara goma sha ɗaya: ƙyas. Da ma shugabannin kwamiti haka suke taƙaita bayani, da an riƙa tashi taro da wuri.

Haƙurinsa kuwa ba a magana. An taka shi, an ja shi da waya, an ɗora masa ƙafar kujera. A wani biki a Ƙofar Marusa an zuba masa rabin kofin zoɓo, ya wuni a rana, washegari ya koma aiki bai ce uffan ba. Maɓallansa uku ne, na ƙasa da na tsakiya da na sama, kuma kowanne akwai ɗigon jan farce a inda Elijah ke son ya tsaya. Jan farcen na matarsa Jummai ne, ta manta shi a ɗakin wani hutu da ta zo.

Ita Jummai tana koyarwa a Kafanchan, yara uku suna wurinta, sai hutu ake ganin juna. Elijah yana nan Katsina yana aikin famfo, ɗaki ɗaya a gidan haya. In ya dawo da la'asar ya yi wanka, sai ya zauna bakin gado, ya jona gita a jikin marigayin, ya sa abin ji a kunne don kada ya takura wa maƙwabta. Maƙwabtan sun shaida ba su taɓa jin ƙarar komai daga ɗakin ba. Sai dai iska ta ɗaga labule su hangi mutum ido a rufe yana gyaɗa kai shi kaɗai. Duk abin da Elijah bai iya faɗa wa Jummai a waya ba, da abin da ya ji kunyar kai wa Fasto, ta cikin akwatin nan ya bi. Marigayin bai taɓa kai zancen gaba ba.

Game da ciwon ajali, shanyewar ɓarin jiki ce. Ana kyautata zaton ta same shi wata Lahadi da aka sauya daga janareta zuwa wutar gari ana tsakiyar waƙa. Ɓangaren da ke kai murya ga mikisa ya mutu nan take. Ɓangaren da ke kai wa Elijah kuwa ya ci gaba da aiki garau. Saboda haka bawan Allah yana tsaye yana jin kansa daram a ƙaramar sipika, yana lanƙwasa gwiwa, yana zufa, a zatonsa duk cocin na ji tare da shi.

Bai gane ba sai da ya saurari ɗaukar da Faith, matashiyar da ke kula da mikisa, take sakawa a zauren mawaƙa na waya. Ya ji ganga, ya ji kibod, wato piyanon lantarki, ya ji muryoyi har da tarin wani dattijo. Bai ji kansa ba. Ya koma Lahadin da ta gabata, babu. Ya ƙara komawa, babu. Sai a ta huɗu ya iske muryarsa. Lahadi uku cur, coci cike, kuma babu mutum ɗaya da ya ce wani abu ya ɓace.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Lahadi ta biyu. Ranar ce ya kaɗa wani sabon zubi da ya kwashe mako biyu yana koyo a bakin gado. Da aka tashi, shugaban mawaƙa, Mista Tanko, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, Elijah, yau kam ka taɓa mu!" Elijah ya tafi gida yana murmushi a kan hanya, har ya kira Jummai ya ba ta labari.

Da ya tambayi Faith, sai ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yi haƙuri. Na ga fitilar layinka ba ta motsi, na ɗauka a hankali kake kaɗawa. Ka san kai ba ka da hayaniya."

An garzaya da marigayin wurin Malam Muttaka mai gyaran rediyo a Ƙofar Guga, wanda bai taɓa kiran Elijah da wani suna ba sai Iliya. Malam Muttaka ya kwance shi, ya shinshina, ya taɓa nan ya taɓa can da bakin mitarsa. Yana cikin dubawa ɗayan ɓangaren ma ya ɗauke. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam Iliya, wanga ya tahi. Ciki duk ya ƙone, ban ma san da mi shike numfashi ba. Sai haƙuri." Ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙo da hannu biyu. Kawo yanzu shi kaɗai ne ya yi ta'aziyya, kuma bai taɓa jin kiɗan ba ko sau ɗaya.

Kwamitin mawaƙa ya zauna a kan batun samo wani akwatin. An yi addu'a, an yaba wa Elijah bisa daɗewa, sannan aka lura cewa tunda an yi Lahadi uku lafiya lau, kuma hannun hagun Dabo mai kibod yana cike gurbin, babu gaggawa. An ce za a duba nan gaba. Elijah ya daɗe a cocin nan, ya san inda nan gaba take.

Marigayin ya rasu ya bar gitar bes guda mai tsirkiya huɗu, wadda ke jingine a kusurwa ba ta cewa komai tun Talata. Ya bar gajeriyar waya da doguwa, doguwar tana can naɗe a bayan coci. Ya bar ƙaramar sipika, wadda ake zargi da ɓoye gaskiya har mako uku, ko da yake an yafe mata. Ya bar abin ji a kunne, ɓari ɗaya naɗe da salatif. Ya kuma bar Elijah, mai shekara arba'in da bakwai, wanda har yanzu bai gaya wa Jummai ba, don bai san ta inda zai fara ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da mawaƙa ke gwajin waƙa, don haka ba a sa ran taro. Za a naɗe marigayin a tawul ɗin goge gita, a kwantar da shi cikin akwatin kaya a ƙarƙashin gado. Zaman makoki a ɗakin mai rashi ne, ƙofa ta uku daga rijiya. Kujera ɗaya ce, amma ana ganin za ta isa.

Ranar Lahadi Elijah ba zai hau dandamali ba. Zai zauna a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, ya ji abin da jama'a ke ji. Ba ya neman a kawo komai, ba ya neman a yi jawabi. Roƙonsa ɗaya ne: in ana cikin waƙa wani ya ji kamar akwai abin da babu, don girman Allah ya waiwayo ya gaya masa.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.